Sannu-Sannu da Nakiyoyin Kan Iyaka

Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Sannu-Sannu, don ita ba ta san gaggawa ba. In aka aike ta, sai an manta da aiken za ta dawo, amma ba ta taɓa dawowa da abin da ba shi aka ce ba. Mahaifiyarta takan ce ko gobara ta tashi, sai kowa ya gama ficewa sannan za a hango wannan yarinya tana tafe tana gyara ɗankwali. Sunan ya bi ta har ɗakin miji, ya bi ta har shagon ɗinkinta da ke bakin babbar hanya, inda ta kafa kekenta a gindin taga don ta riƙa kallon motoci suna wucewa.

A wancan zamani hanyar ba ta hutawa. Garinsu shi ne na ƙarshe kafin a shiga ƙasar maƙwabta, kuma tsakaninsa da garin farko na ƙetare babu komai sai fili mai faɗi na gonaki, da rafi, da wata 'yar gada. Harshe ɗaya ake yi nan da can, sai dai kowane ɓangare yana dariyar yadda ɗayan ke lanƙwasa baki. Rabin matan da ke kawo mata ɗinki daga ƙetare suke zuwa. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba, babbar mota yake ja, ya kai siminti can, ya dawo da katako da albasa. Mahaifinta kuma gonarsa tana tsakiyar filin nan, shi da yayanta suke noma ta.

Rigimar daga sama ta faro, a kan ruwan rafi da inda iyaka ta tsaya. Da farko baƙar magana ce a rediyo, har mutanen gari suna mayar da ita abin raha. Sai aka wayi gari sojoji sun gitta ƙarfe a hanya. Aka yi ta harbe-harbe na ɗan lokaci, kowane ɓangare ya binne nakiyoyi a filin don kada ɗayan ya ratso. Faɗan bai daɗe ba, amma abin da ya bari a cikin ƙasa ya daɗe.

A kakar farko hatsin gonarsu ya nuna, ana hango shi daga bayan gari ya sunkuya, babu mai girbi. Yayanta ya kasa jurewa. Wata safiya ya ɗaura shanu a amalanke, ya ce zai bi tsohuwar turbar da ya sani tun yana yaro, ai ba za ta yaudare shi ba. Tana cikin shago tana kafa hannun riga ta ji ƙarar, har gilashin taga ya girgiza. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta ajiye rigar, ta ja ƙofa, ta nufi gidan mahaifinta.

Daga nan gari ya soma bushewa kamar rijiyar rani. Masu masauki suka rufe, masu faci suka kwashe kayansu, samari suka watse birane. Motar Direba ta zauna a ƙofar gida har aka cire tayoyin aka ɗora ta kan duwatsu, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Sannu-Sannu ta daina ganin sabon yadi. Tsohuwar riga za a kawo a ce a rage ta ta ishi ƙani, sai wando a ce a yi masa faci a kan faci.

Shekaru suka shuɗe a haka, ana jin labarin zaman sulhu a rediyo. Yau an ce tawagogi sun haɗu a wata ƙasa, gobe a ce an tashi baram-baram. A bencin mai shayi da ke daura da shagonta kullum muhawarar ke nan. Direba na cikin masu cewa ko yaya ne a zauna, don magana ba ta fasa taya. Mahaifinta kuwa, wanda tun rasuwar ɗansa bai ƙara dariya da haƙora a waje ba, ko jin kalmar sulhu ba ya so.

"Ku bar su su sha ruwan sanyi a otal," in ji shi. "Wanda ya kunna wutar ba shi ya ƙone ba. Ko sun rungumi juna a hoto, wa zai tono abin da suka shuka min a gona?"

Sai ga shi wata rana rediyo ta ba shi amsa. Manyan ba su daidaita a kan ruwa ba, ba su daidaita a kan iyaka ba, amma sun amince da abu ɗaya ƙarami: a share hanya da gonakin da ke gefenta, kuma mutanen ƙasashen biyu su yi aikin tare. Aka yi shela ana neman ma'aikata, maza da mata, masu natsuwa da lafiyar ido.

Sannu-Sannu ta kwana biyu tana juya zancen kafin ta furta shi. Direba na wanke fuska a tsakar gida ta ce, "Maigida, zan je a gwada ni."

Ya tsaya da buta a hannu. "Ke? Ke da ƙadangare ya faɗo daga rufi kika tara mana unguwa?"

"Ƙadangare gudu yake yi. Ita nakiya kuwa an ce min wuri ɗaya take zaune, mai gaggawa take jira."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya kawo zancen yara, ya kawo zancen surutun mutane. Ta bar shi ya gama, sannan ta nuna masa motarsa da haɓa. Ya dubi motar, ya dubi kazar da ke fitowa daga ƙarƙashinta tana kyarkyara, sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da wanke fuska.

Wurin mahaifinta ne aka sha wuya. Ta same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanyar da babu inda zai kai ta. Da ya ji, sai ya ɗago.

"Uwata, ƙasar da ta cinye min ɗa, ita za ki je ki durƙusa wa? Kuma kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka ɗana tarkon?"

"Baba, ba durƙusa mata zan yi ba. Haƙoranta zan cire."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, da irin muryar da ake sallamar baƙon da ba a so. Ya daɗe bayan nan ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

A wurin horo an sallami ƙarti da yawa, masu ƙirji kamar ƙofar gari, saboda ba sa iya durƙuso a rana ba tare da sun ƙosa ba. Ita kuwa kamar don ita aka ƙirƙiro aikin. Za a sa mata rigar sulke mai nauyi, a rufe mata fuska da gilashi mai kauri, a ba ta siririn layi wanda faɗinsa bai wuce buɗa hannu ba. A gabanta akwai sanda a kwance, hannunta ba ya ƙetare ta sai ta tabbatar da abin da ke bayanta. Ta datse ciyawa da almakashi a hankali, ta kwashe, ta shafa na'urar jin ƙarfe a kan ƙasa. In na'urar ta yi kuka, sai ta ja baya kaɗan ta soma tono daga gefe da ɗan cokalin ƙarfe, ba a taɓa zuwa mata ta sama. Galibi ƙusa ce, ko marfin kwalba, ko gwangwanin kifin da wani soja ya jefar. Amma kowace ƙusa sai an yi mata ladabin nakiya. Inda aka share a kafa farin turke, inda ba a kai ba ja. Gumi ya cika gilashin, gwiwa ta mutu, sai an busa usur kowa ya miƙe ya koma inuwa.

In an samu ta gaske, ba a ɗaga ta. Ɗan ƙullin albarushi ake ajiyewa a gefenta, a ja waya zuwa nesa, a fasa ta a inda take. To da yake babu ɓangaren da ya yarda da ɗan'uwansa, sai yarjejeniyar ta raba kayan: mutanen ƙetare ke riƙe da albarushin, mutanen nan ke riƙe da akwatin da ake dannawa. Da ta ba Direba labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wato an ba wani tsinken ashana, an ba wani kwalin.

Mai riƙe da albarushi a rukuninsu wani dattijon soja ne na ƙetare, kowa Saje yake ce masa. Gajere ne, mai furfura a gemu, ba ya magana sai ta kama. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda yake sanin wuri kafin na'ura ta sani. Wata rana suna hutawa a gindin bishiya ya nuna da yatsa.

"Daga wancan dutse zuwa bakin rafi, layi-layi muka jera su. Ki sa ido sosai in kin kai wajen kututturen can."

"Muka?" ta ce.

"Ni da yarana. An ba mu umarni, mun yi."

Ta ajiye gorar ruwan da take sha, ta ce, "Tsohuwar turbar amalanke fa? Wadda ta bi ta bayan gonaki?"

Ya dube ta, ya gane akwai gawa a cikin tambayar. Bai kau da ido ba. "Malama, ba zan miki ƙarya ba. Ban sani ba ko tamu ce ko taku. A turbar nan kowa ya shuka."

Ta so ya yi musu, ko ya roƙi gafara, don ta samu inda za ta sauke abin da ke ƙirjinta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙe ya gyara sulkensa ya koma aiki. Daga ranar ba ta ƙara ce masa komai ba sai abin da aiki ya tilasta. Amma ta lura, duk lokacin da za a ajiye albarushi a gefen nakiya, ba ya tura kowa. Shi yake rarrafawa ya je da kansa.

Fararen turaku suka yi ta ci gaba, har suka cinye fiye da rabin hanya. Mutanen gari suka soma fitowa bayan gari da yamma suna kallo daga nesa, suna auna abin da ya rage da ido.

Ana gab da faɗuwar damina abin ya ɓaci. A ranar, tun da hantsi na'urarta ta yi kuka a bakin rafi, daidai inda ruwa ke gangarowa ya bi ta mashayar da matan gari ke wanki. Ta tona daga gefe, sai ga gefen abar ya bayyana, koriya, ta ɗan karkata, ƙasar da ke riƙe da ita duk rairayi. Ta ɗaga hannu don a kira Saje. Kafin a kai ga haka sai usur ya tashi, ba irin busar hutu ba, doguwa mai tsawo.

Kyaftin ɗin da ke kula da ɓangarensu ya zo bakin layi da waya a kunne. Manya sun tashi a fusace daga teburin sulhu. An ba da umarni kowa ya kwashe kayansa ya koma ƙasarsa nan take, babu sauran aiki tare. Can gefe ta hango mutanen ƙetare su ma ana tattara su wajen motarsu.

Ta dubi gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

"Yallaɓai," ta ce, ba tare da ta tashi ba, "na riga na buɗe ta. In ruwan nan ya sauka, zai ɗauke ta ya kai mashaya."

"Ki kafa jan turke ki fito. Umarni ne."

"Ruwa ba ya karanta turke, Yallaɓai."

"Malama, kada ki sa ni cikin matsala. Ba mu da albarushi, yana hannunsu, su kuma an hana su matsowa."

"To zan jira."

Ta gyara durƙusonta, ta ɗora hannuwa a cinya. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi gardama ba. Kyaftin ya yi lallashi, ya yi barazana, ya kira na sama da shi, na saman ya kira na samansa. Babu mai iya shiga layin ya jawo ta, don mutum ɗaya layin ke ɗauka. Iska ta soma kaɗawa, tana watsa rairayi a gilashin fuskarta. Ƙafafunta sun daina jin komai, tana tuna ƙaramar 'yarta da ke bin maƙwabta zuwa wanki a mashayar nan. Ta yi ta addu'a a zuci, idonta a kan koren gefen nan.

Sai ta ji hayaniya ta ɓangaren ƙetare. Saje ne ya sauko daga motarsu da ƙullinsa a hannu. Hafsansu yana daka masa tsawa, yana kiran sa da muƙaminsa, yana rantsuwa zai gani. Saje bai waiwaya ba. Ya bi fararen turaku ɗaya bayan ɗaya har ya iso bayanta.

"Ƙanwata, ja baya. Kin yi naki."

Ta ja da baya da rarrafe, ya shige. Ya ajiye ƙullin, ya warware waya, suka dawo tare har inda akwatin yake. Kyaftin yana tsaye a kansa. Ya dubi Saje, ya dubi hadarin, ya dubi Sannu-Sannu. Sai ya juya baya, ya ce shi dai yana duba tayar motarsa ne, bai ga komai ba. Sannu-Sannu ta durƙusa ta danna. Ƙasa ta yi tsalle, rairayi ya zubo kamar ana shiƙa. Ba su kai ga motoci ba ruwa ya kece.

Ba a yi musu tafi ba. Ita an dakatar da ita saboda ƙin bin umarni. Saje kuwa labari ya zo cewa an tuɓe masa igiyoyi an sallame shi daga soja. A gari ma baki ya rabu biyu. Wata safiya tana share ƙofar shago ta jiyo wani mai sayar da kalanzir a bencin mai shayi yana cewa ai matar nan ta zubar wa ƙasa mutunci, ta tsaya tana roƙon abokin gaba a gaban sojojinmu. Ba ta san mahaifinta na wurin ba sai da ta ji muryarsa, irin wadda ta manta yana da ita.

"Kai, rufe mana baki! Matarka a ina take wanki? Ranar da 'yata ke durƙushe a gaban mutuwa, kai kana ina, in ban da gindin tulun kalanzir? Ni na haife ta, kuma ko a gaban wa zan faɗa."

Ta koma cikin shago ta zauna a gaban keke, ta kasa zura zare a allura saboda idonta ya cika.

Damina ta wuce ana jiran tsammani. Amma wani abu ya riga ya canja. Mutane sun ga rabin hanya a share da idonsu, kuma wanda ya hango bakin rijiya ba ya yarda a ce masa ya koma da ƙishirwa. Direbobi da 'yan kasuwa da manoma suka yi ta sintiri ofisoshin hukuma, Direba na gaba-gaba da tsohuwar rigarsa ta zuwa taro. Aka ji cewa na ƙetare ma haka suke yi wa nasu manyan. Ko wannan ne ya yi aiki, ko wani lissafi ne na can sama, babu wanda ya sani a garin. Da kaka dai tawagogi suka koma teburi, aka busa usur, aka kira ta ta koma bakin layinta.

Ranar da aka ɗage ƙarfen hanya, motar Direba ce ta uku a jeri, da tayoyin aro da hayaƙi kamar ana ƙona bola. Mahaifinta kuma ya shiga gonarsa da daminar da ta biyo. Ya tsaya a bakin kunya ya kasa taka ƙasar, sai da 'yarsa ta wuce gabansa ta yi tafiya har ƙarshen gonar ta dawo, sannan ya cire takalmi ya shiga.

Ba komai ne ya gyaru ba. Har yau ba a gama maganar ruwan rafi ba, sojoji na nan a kan tudu suna hangen juna, ma'aikatan kan iyaka kuma sun dawo da halinsu na tsayar da mota ba dalili. Amma masauki sun buɗe, samari sun soma dawowa, asibitin ƙetare da ya fi kusa ya koma karɓar masu naƙuda daga nan. A bencin mai shayi har yanzu ana musu ko zaman manya yana da amfani ko cin kuɗin jama'a ne kawai. In aka tambaye ta, takan ce ita ba ta taɓa leƙa ɗakin da suke zama ba, ba ta san abin da suke faɗa wa juna ba. Abin da ta sani, duk ranar da suke zaune, su suna durƙushe suna aiki, duk ranar da suka tashi a fusace, sai a kwashe su a bar abin a ƙasa.

Daga baya aka ba ta shugabancin rukuni, mai mutane daga ƙasashen biyu, aka tura su wani yanki mai duwatsu can gaba inda makiyaya suka daɗe ba sa shiga. Hanyar zuwa wurin ta ƙetare take bi. Da suka haye gada ta sa a tsaya a wata rumfar faci da ke bakin hanya. Wani gajeren dattijo ya ɗago daga kan taya, hannunsa baƙi da mai. Da ya gane ta sai ya miƙe ya ƙame, ya sara mata.

"Saje, ka rufa min asiri, mutane na kallo."

"Su kalla. An ce min yanzu ke ce babba."

"Haka aka ce. Yaya kasuwa?"

Ya nuna mata jerin motocin da ke jiran sa, wasu da lambar nan, wasu da lambar can. "Ga ta kina gani. Hanyar da kuka share duk ƙusa ce, Allah ya yi muku albarka."

Ta yi dariya har ta dafa rumfar. Ya sa aka kawo mata ruwa, ta sha, ta tambayi iyalinsa, ya tambayi nata. Can direban rukuni ya danna ham, mutanenta na leƙowa daga bayan mota suna gardamar wanda ya zauna a kan jakar wani. Ta miƙa masa kofin, ta haye gidan gaba, ta ce a ja.